Daga Dinamo Zuwa Altaneta: Tarihin Wutar Mota da Wahalar Masu Tsofaffin Motoci

A ƙasashen Turai da Amurka akwai waɗansu mutane masu sha'awar ajiye motocin zamanin da. Mutum ya kan sami motar da aka ƙera tun kakansa yana saurayi, ya gyara ta, ya shafe ta, ya riƙa fita da ita ran hutu kamar yadda mai doki ya ke fita kilisa. A wata ƙasar kuwa, kamar Kuba, tsohuwar mota ita ce gonar mai ita, da ita ya ke ci da iyalinsa. Dukansu akwai rana guda da su ke tsoro, watau ranar da 'yar jar fitilar nan ta gaban direba za ta kama ta ƙi mutuwa. Ma'anarta ita ce injin da ke haifar da wutar lantarki ya daina aiki, batir na ƙarewa, ba da jimawa ba mota za ta tsaya. Kamfanin da ya ƙera wannan inji wataƙila ya daɗe da rufewa. To, ina za a sami madadinsa? Wanda bai san tarihin abin ba ya kan sayi sabo fil ya ɗaura, ya ƙone shi nan take, wani lokaci har da wayoyin motar. Sabo da haka bari mu bi labarin tun daga tushe.

Asalin abin

A shekara ta 1831 wani masani na Ingila mai suna Michael Faraday ya gano cewa in aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin wayar jan ƙarfe, sai wutar lantarki ta gudana cikin wayar. Da shekara ta kewayo, a 1832, wani maƙerin kayan awo a birnin Paris, Hippolyte Pixii, ya ƙera inji mai juya maganaɗisu da hannu. Wutar da ta fito daga wannan inji tana kai da komowa ne, ta yi gaba ta yi baya, kamar ƙoshiyar masaƙi. Sa'an nan aka ƙara masa wata dabara, watau zobe mai tsage-tsage wanda ke juyar da wutar duk sa'ad da ta so komawa baya, har ta zama mai bin hanya ɗaya kamar ruwan kogi.

Ka riƙe waɗannan iri biyu na wuta, mai kai da komo da mai miƙewa, domin su ne gindin labarin duka. Batir ba ya karɓar wuta sai mai miƙewa. Injin da ke ba da wuta mai miƙewa ta hanyar zoben nan shi a ke kira dinamo. Wanda ke ba da mai kai da komo kuwa shi ne altaneta.

Akwai kuma ma'auni biyu da za mu yi ta ambata. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, amfiya kuma shi ne ma'aunin yawan wutar da ke gudana. In ka kwatanta da famfo, bolt shi ne ƙarfin da ruwa ke fesowa da shi, amfiya kuwa yawan ruwan da ke zuba a tulu.

Motocin farko

Motocin farko ba su bukaci wuta mai yawa ba. Fitilunsu na kananzir ne ko na kabaid, ƙahonsu na roba ne da a ke matsawa da hannu. Tartsatsin da ke kunna fetur kaɗai a ke nema, shi kuwa wani ɗan inji mai maganaɗisu, magineto, shi ke ba da shi. Kamfanin Robert Bosch na Jamus ya yi suna wajen ƙera shi tun daga 1897. In za a ta da mota, sai a zura wani lanƙwasasshen ƙarfe ta gaban inji, ƙato ya murɗa da ƙarfi. Sau da yawa inji ya kan yi tutsu ya mai da ƙarfen baya, ya karya wa mutum hannu.

Wani Ba'amurke, Charles Kettering, shi da abokansa na kamfanin Delco a garin Dayton, su ne suka kawar da wannan wahala. A 1912 motar Cadillac ta fito da batir, da fitilun lantarki, da inji mai ta da mota in an taka. Tun daga nan tilas ko wace mota ta sami abin da zai riƙa mayar wa batir wutar da aka sha. Motar Ford mai suna Model T, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1908 zuwa 1927, ta ɗan yi jinkiri. A 1915 aka sa mata fitilun lantarki masu shan wuta kai tsaye daga maginetonta, in direba ya ƙara wa inji mai fitila ta yi haske, in ya rage ta dushe. Sai a 1919 aka fara sayar da ita da batir da dinamo.

Zamanin dinamo

Kusan shekara hamsin dinamo na sarauta. A Ingila kamfanin Lucas na Birmingham shi ya riƙe kasuwa, a Jamus Bosch, a Faransa akwai Ducellier da Paris-Rhône, a Amurka kuwa Delco-Remy da Auto-Lite.

Dinamo abu ne mai ƙarko, amma yana da aibu uku. Na farko, naɗin wayar da ke haifar da wuta shi ne ke juyawa, duk wutar kuma sai ta ratsa ta zoben nan mai tsage-tsage ta shiga waɗansu 'yan gawayi biyu da ke gugarsa. Gawayin su kan cinye, zoben ya kan yi datti. Na biyu, ba shi da halin a juya shi da sauri ƙwarai, don kada naɗin ya tarwatse ko dalmar da ta riƙe shi ta narke. Sabo da haka a kan daidaita shi yadda zai jure wa gudun mota, wannan kuwa ya jawo aibi na uku: in mota na tsaye inji na aiki a hankali, dinamo ba ya ba batir kome. Har ma batir zai juyo da wutarsa cikin dinamo, ba don an sa wani akwati mai yanke hanya a tsakaninsu ba. Wannan akwati shi ne kuma ke daidaita wutar don kada ta yi wa batir yawa.

Muddin motoci ba su da yawa a titi, kayan wutarsu kuma kaɗan ne, ba wanda ya damu. Amma bayan Yaƙin Duniya na Biyu birane suka cika da motoci, a kan daɗe a tsaye cikin cunkoso. Ga rediyo, ga abin share gilashi, ga abin ɗumama ɗaki sabo da sanyin ƙasashen. Dinamon Lucas mai lamba C40, wanda ke cikin ƙananan motocin Ingila da yawa, iyakarsa amfiya 22. Ƙwan fitila guda mai wat 60 ya kan sha amfiya 5. Ka ga fitilun gaba biyu kaɗai sun kwashe kusan rabi. Mutumin London da ya dawo gida da dare cikin ruwan sama, kome a kunne, ya kan wayi gari batir ya yi sanyi.

A cikin wannan zamani kuma aka yi sauyi biyu waɗanda har yau su ke rikita masu gyara. Na ɗaya, motocin Amurka sun bar batir mai bolt 6 sun koma mai bolt 12 tsakanin 1953 da 1956. Volkswagen Beetle ta Jamus, mai ƙirar kunkuru, ta tsaya a bolt 6 har wajen 1967. Na biyu ya shafi kawunan batir. Ko wane batir yana da kai biyu, ɗaya da alamar tarawa, ɗaya da alamar ɗebewa, kuma ɗaya daga cikinsu a kan ɗaure shi a jikin ƙarfen mota. Motocin yanzu duka kan ɗebewa a ke ɗaurewa. A da kuwa ko wane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi. Ford ta Amurka kan tarawa ta ke ɗaurewa har ta sauya a 1956. Yawancin motocin Ingila sun ci gaba da ɗaure kan tarawa har cikin shekarun 1960.

Zuwan altaneta

Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa altaneta ya fi dinamo sauƙin gini. A cikinsa maganaɗisu ne ke juyawa, naɗin waya yana zaune daram a jikin kwanso. Gawayinsa ɗan abin da zai ciyar da maganaɗisun kaɗai su ke ɗauka, bisa zobba masu santsi, don haka su kan daɗe ba su cinye ba. Ana iya juya shi ninki biyu ko fiye na gudun inji ba abin da zai same shi, shi ya sa ya ke ba da wuta ko mota na tsaye. Abin da ya hana shi shiga mota shi ne wutarsa mai kai da komo ce, batir kuwa ba ya karɓarta.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an sa altaneta a waɗansu motocin soja masu ɗauke da rediyo. Bayan yaƙi motocin asibiti da na 'yan sanda a Amurka suka ɗauka. Amma abin miƙar da wutarsu wani tarin faranti ne babba mai tsada, wanda a ke ɗaurawa dabam. Sai a ƙarshen shekarun 1950 aka sami wani ɗan abu da a ke yi da sinadarin silikon, sunansa dayod, girmansa bai fi ƙwayar gurjiya ba. Aikinsa irin na mai gadin ƙofa ne: ya bar wuta ta wuce gaba, ya hana ta komowa. Guda shida sun isa su miƙar da wutar altaneta, kuma duk za su shiga cikin kwansonsa.

Kamfanin Chrysler ne ya fara. A 1960 ya fitar da mota mai suna Valiant, ita ce motar farko ta jama'a da ta zo da altaneta tun daga masana'anta. General Motors ya biyo baya wajen 1963 da nasa mai suna Delcotron, Ford kuma ya gama sauyawa wajen 1965. Turai ta yi nawa. Motar MGB ta Ingila sai a 1967 ta koma ɗaure kan ɗebewa ta karɓi altaneta, Beetle kuwa sai a 1973. A farkon shekarun 1970 aka shigar da abin daidaita wuta cikin altaneta kansa, akwatin nan na waje ya zama ba shi da sauran aiki.

Ka ga ashe tsakanin 1953 da 1973, shekara ashirin ke nan, an sauya ƙarfin batir, an sauya kan da a ke ɗaurewa, an sauya injin wuta, an sauya mazaunin abin daidaitawa, kuma ko wane kamfani ya yi nasa a lokacin da ya ga dama. Motocin da a ke sha'awar ajiyewa yau galibinsu 'ya'yan wannan zamani ne. Mota biyu masu suna ɗaya, kama ɗaya, shekara guda tsakaninsu, sai ka tarar kayan wutarsu ba sa shiga na juna.

Misalin Morris Minor

Bari mu ɗauki mota guda mu ga yadda a ke yi. Morris Minor ƙaramar mota ce ta Ingila wadda Alec Issigonis ya zana, aka ƙera ta daga 1948 zuwa 1971, fiye da miliyan ɗaya da rabi. Galibinsu da dinamon Lucas suka fito, bolt 12, kan tarawa a ɗaure a jiki. Kamfanin Lucas na asali ya haɗe da wani kamfanin Amurka a 1996, aka sayar da haɗakar a 1999, ko da ya ke sunan bai ɓace daga kwalayen kayan gyara ba.

Mai Morris da ya yi niyyar sa altaneta, tambayar farko da zai yi ita ce wane kai ne a ɗaure. Dinamo ba ruwansa da wannan, in an taɓa masa waya daga batir na ɗan ƙiftawar ido sai ya koyi sabuwar hanya. Altaneta ba ya koyo. In aka haɗa shi a juye, wutar batir za ta afka cikin dayod ɗin nan ta ƙone su kafin a ce kwabo. Don haka sai a fara juya batir, a sauya wayoyin kwayil, a sauya na agogon amfiya in akwai. Sitata da abin share gilashi na irin waɗannan motoci ba sa damuwa da juyin. Tsohuwar rediyo kuwa tana damuwa, in ba a cire ta ba ta tafi ke nan.

Tambaya ta biyu ita ce amfiya nawa a ke bukata. Waɗansu su kan ɗauka mafi girma shi ya fi kyau. Altanetan Lucas mai lamba 16ACR yana ba da amfiya 34, mai lamba 18ACR kuwa wajen 45, duka sun ishi ƙaramar mota har da saura. Wayoyin Morris an auna su ne da dinamo mai amfiya 22. In aka kawo mai amfiya 70 ko 100 aka bar tsohuwar siririyar waya, ranar da batir ya yi ƙasa altaneta zai turo wuta iyakar ƙarfinsa, waya ta yi zafi, robarta ta narke. Wanda ya ƙara girman altaneta, wajibi ne ya ƙara kaurin wayar da ke zuwa batir. Hanyar ganewa kuwa lissafi ne mai sauƙi: a tara amfiyar duk abin da ke iya kasancewa a kunne lokaci guda, a ƙara ɗan rara domin batir.

Ta uku ita ce mazauni. Altaneta ya fi dinamo gajarta, ya fi shi kauri, sai an sami ƙarfen ɗauri na baya wanda ya dace. Ƙafar da fambel ke juyawa dole ta yi layi ɗaya da ta inji da ta famfon ruwa, faɗin kwarinta kuma ya yi daidai da fambel. In ta karkace ko kaɗan, fambel zai yi ta kuka yana tsinkewa, ƙwallayen cikin altaneta su lalace.

Ta huɗu ita ce tsohon akwatin daidaita wuta. Altaneta mai nasa a ciki ba ya bukatarsa, sai a cire shi ko a kewaye shi a haɗa manyan wayoyin yadda ya kamata. 'Yar jar fitilar nan kuwa kada a raina ta. Ta cikinta ɗan abin da ke farkar da maganaɗisun altaneta ya ke bi. In ƙwanta ya mutu, mai yiwuwa ne sabon altaneta ya ƙi ba da wuta sam, mutum ya yi ta zargin mai kanti a banza.

Akwai kuma motocin da dinamonsu ke yin aiki biyu. A Austin-Healey Sprite ta farko, ta 1958, agogon da ke nuna gudun inji daga bayan dinamo ya ke samun juyi. A waɗansu motocin Jaguar famfon sauƙaƙa sitiyari yana manne a bayansa. A Beetle kuwa fankar da ke sanyaya inji bisa sandar dinamo ta ke. Wanda ya cire dinamo a irin waɗannan motoci bai yi tanadi ba, ya gyara abu ɗaya ya kashe wani.

Gardamar masu ajiya

Masu tsofaffin motoci a Turai sun rabu biyu bisa wannan magana. Kashi ɗaya sun ce darajar tsohuwar mota ita ce a same ta yadda ta fito daga masana'anta. A wurin gasar nuna motoci alƙalai su kan buɗe murfin inji, in suka ga altaneta inda dinamo ya kamata ya zauna sai su rage maki. Waɗannan mutane gara su kai dinamo a sāke naɗa masa waya, a sa sababbin gawayi, a wanke zobensa. Da tsohuwar zuma a ke magani, in ji su. Kashi na biyu sun ce mota don tafiya aka yi ta, wadda ba ta iya kai mutum gida da dare ta zama kayan kallo. Masu sana'a da suka ga haka sai suka ƙera altaneta a cikin kwanso mai kamar dinamo sak, har akwai wanda a ke ɗaure wa kan tarawa, da mai bolt 6. Yana da tsada, iska kuma ba ta ratsa shi kamar altaneta na sosai, amma ya raba gardama a wurin mutane da yawa.

Darasin Kuba

A tsibirin Kuba ba a sami sukunin wannan gardama ba. Kafin juyin mulkin 1959 ƙasar ta cika da motocin Amurka, su Chevrolet da Ford da Buick da Plymouth. Amurka ta fara hana ciniki da ita a 1960, ta rufe ƙofa gaba ɗaya a 1962. Ka lura da shekarun. Ƙofa ta rufe daidai lokacin da altaneta ke shigowa, watau kusan duk motocin Amurka da suka rage a tsibirin na dinamo ne, da yawansu ma bolt 6. Makanikan Habana suka yi ta naɗa waya da hannu, suna sassaƙa gawayi. Da motocin Tarayyar Sobiyet irin su Lada da Volga suka shigo, sai aka riƙa cire kayan wutarsu ana dasa wa motocin Amurka, a yanka ƙarfe a yi mazauni, a sauya ƙwayayen fitilu zuwa bolt 12. Bayan rushewar Tarayyar Sobiyet a 1991 fetur ya yi wuya, mutane da yawa suka cire injin gaba ɗaya suka sa na dizal, da altanetansa. Dubban waɗannan motoci sun ci gaba da ɗaukar fasinja fiye da shekara sittin bayan ƙera su. Abin da ya raya su shi ne makanikan sun san bolt, sun san amfiya, sun san kan da a ke ɗaurewa, ba su damu da sunan da ke jikin kwali ba.

Mu ma nan abin bai yi mana nisa ba. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa motocin Peugeot a Kaduna, 504 kuwa ta yi ta fitowa daga can har bayan shekara ta 2000, Faransa ta daɗe da daina yin ta. Duk wanda ke riƙe da ɗaya daga cikinsu, ko tsohuwar akori-kura 404, tambayoyin nan huɗu su ne nasa in ya je wurin mai gyaran wutar mota. Akwai kuma wata al'ada da aka gada daga zamanin dinamo wadda ta kamata a bari, watau cire kan batir inji na aiki don a ga ko wuta na zuwa. Dinamo ya kan jure wannan. Altaneta kuwa in aka raba shi da batir yana cikin aiki, wutarsa ta kan yi tsalle ta ƙone dayod ko abin daidaitawa. Agogon awon bolt shi ne mai faɗin gaskiya: in inji na aiki ya nuna wajen bolt 14 a kawunan batir, altaneta lafiya lau ya ke.

Rashin sani ya fi dare duhu. Mai neman madadin injin wutar tsohuwar mota, kafin ya taɓa aljihu, ya fara sanin shekarar da aka ƙera ta, da ƙasar da ta fito, da abin da masu ita na baya suka sauya a cikinta. In ya san waɗannan, ko sabo ya saya, ko na wata mota ya dasa, ko tsohon ya kai aka naɗa, motarsa za ta kai shi gida da fitilunta a kunne.